Tarihin Tsofaffin Kantunan Dutse na Tsakiyar Garin Jos

1.0 Gabatarwa

A kan titin Ahmadu Bello da titunan da suka kewaye tashar jirgin ƙasa a garin Jos, akwai wasu tsofaffin gine-gine da suka rage jefi-jefi a tsakanin benayen zamani. Gajeru ne, masu kaurin bango da rufin kwano, galibi da baranda a gaba. Wasu da dutse aka gina su tun daga tushe har sama, wasu kuwa tushe da rabin bango ne na dutse, aka ƙarasa da tubali ko bulo. An shafe yawancinsu da fenti, allunan talla kuma sun rufe fuskarsu, ta yadda mai wucewa ba ya ko ɗaga kai ya dube su. Waɗannan su ne ragowar kantunan da aka gina a zamanin da kuza ke ci a ƙasar Filato.

Masana sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan Jos. Plotnicov (1967) ya nazarci rayuwar baƙin da suka zauna a garin, Bingel (1978) ya bi diddigin asalinsa da bunƙasarsa, shi kuma Freund (1981) ya duƙufa a kan jari da ƙwadago a ramukan kuza. Hankalin irin waɗannan ayyuka ya fi karkata ga ma'adinai da leburori da sha'anin mulki. Wannan takarda za ta dubi ɗaya ɓangaren, wato wurin da kuɗin kuza ke zuwa bayan an biya lebura. Manufarta ita ce ta nuna cewa ramin kuza da kanti tagwaye ne, domin kamfanonin da suka kwashe ma'adinin su ne, ko 'yan'uwansu, suka tsaya a bayan kanta suna karɓar albashin da aka biya. Za a duba inda aka kafa kantunan, da dalilin gina su da dutse, da mutanen da suka yi hulɗa a cikinsu, da kuma abin da suka bar wa harshen Hausa. Daga ƙarshe za a yi tsokaci a kan halin da suke ciki.

2.0 Kuza da Kafuwar Gari

Tun kafin zuwan Turawa mutanen wannan yanki sun san kuza. Maƙeran Liruwen Kano, wato Riruwai, da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauci sukan wanke ta daga yashin rafuka, su narke ta, su zuba ƙarfen siri-siri kamar tsinke, fatake su ɗauka zuwa kasuwannin nesa. Irin waɗannan tsinkaye ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka gani ana sayarwa, suka shiga cigiyar inda ake samo su. A 1902 kamfanin ya tura George Nicolaus ƙasar Bauci domin bincike. A 1903 kuma H. W. Laws, wanda daga baya aka fi sani da Kanar Laws, ya iso Tilden Fulani, daga nan ya hau kan tudun ya kafa sansani a Naraguta.

Kamfanin Neja yana da dalili mai ƙarfi na wannan nema. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin ƙasar daga hannunsa a farkon 1900, an yi yarjejeniya cewa zai riƙa samun rabin kuɗin fito na duk ma'adinin da aka haƙa a wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Wato tun ranar farko, kamfanin da ya fi kowa kantuna a ƙasar yana da kaso a cikin kowane buhun kuza. Wannan haƙƙi bai koma hannun gwamnatin Nijeriya ba sai a 1950, bayan ta biya fam miliyan ɗaya.

Mazauna tudun, irin su Birom da Anaguta da Afizere da Irigwe, ba su karɓi baƙin hannu biyu-biyu ba. Sai da sojojin Turawa suka yi shekaru suna kai hare-hare ƙauye-ƙauye kafin masu haƙar ma'adinai su sami damar yawo yadda suke so. Daga 1909 zuwa 1913 kasuwar hannun jari ta Landan ta rikice da labarin kuzar Nijeriya, gomomin kamfanoni suka yi rajista, injiniyoyi suka kwararo daga Ingila da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Da yawa daga cikinsu mutanen Kwanwal ne, lardin kuza na ƙasar Ingila, kuma shaidar haka tana nan a sunan majami'ar St. Piran ta Jos, domin Piran shi ne waliyyin masu haƙar kuza a can.

Da farko Naraguta ce mazaunin hukuma, a ƙarƙashin Lardin Bauci. Sannu a hankali harkoki suka koma kudu kaɗan, zuwa bakin kogin Dilimi, kusa da wani ƙauye da marubuta da dama ke kira Gwosh, suna kuma danganta sunan Jos da shi. Shekarar 1915 ita ce aka fi ambata a matsayin shekarar da hukuma ta tsara garin. A 1926 aka ƙirƙiro Lardin Filato, Jos ta zama babban birninsa.

3.0 Jirgin Ƙasa da Mazaunin Kantuna

Babbar matsalar da ta fuskanci masu kuza a farko ita ce sufuri. Duk wani kaya da ya fito daga Ingila sai jirgin ruwa ya kawo shi Loko a bakin Binuwai, sannan 'yan alaro su ɗauko shi a ka, su ratsa ta Keffi, su hau tudu, tafiyar kwana da kwanaki. Ta wannan hanya kuma kuzar ke sauka. A irin wannan hali ba wanda zai yi tunanin babban kanti. Rumfunan ciyawa da ɗakunan ƙasa su ne suka wadatar.

Abin ya sauya da zuwan ƙaramin jirgin ƙasa na Bauci, wanda ya taso daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914. Faɗin dogonsa ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali babban dogon Legas zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6 ne, don haka dole a sauke kaya a Zariya a sake loda su. A 1927 babban dogo ya iso Jos daga Fatakwal ta hanyar Kafancan. Daga wannan shekara kaya masu nauyi, irin su kwano da katako da gangunan siminti da kwal ɗin Inugu, suka riƙa isowa kai tsaye daga bakin teku. Ƙaramin jirgin ya ci gaba da aiki har zuwa 1957 da aka rufe shi.

Da yake a Jos dogo ya ƙare, sai garin ya zama ƙofar ƙasashen gabas. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga daga Bauci da Gwambe da Barno, a mota ake kawo su Jos a loda a jirgi, motocin kuma su koma ɗauke da gishiri da kananzir da yadi. Haka aka yi ta yi har zuwa lokacin da aka ja dogo daga Kuru, ya isa Maiduguri a 1964. Saboda haka kantunan Jos ba masu kuza kaɗai suka yi wa hidima ba, su ne rumbun sari na arewa maso gabas baki ɗaya.

Wurin da aka kafa kantunan ma ba a kan ka aka zaɓe shi ba. Dokar Garuruwa ta 1917 da manufofin Lugga sun tanadi a raba gari kashi-kashi, a kuma bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A Jos an sami ɓangaren da ke ƙarƙashin Kantoma, inda Turawa da ma'aikatan gwamnati da kamfanoni suke, da kuma garin 'yan ƙasa da ke ƙarƙashin En'e. Fulotan ciniki an yanka su ne a kusa da tasha, a tsakanin ɓangarorin biyu, inda amalanke zai iya kai kaya daga jirgi zuwa sito, talaka kuma ya iya zuwa saye da rana ya koma unguwarsa kafin dare. Akwai titi a wannan wuri da har yanzu ake kira Beach, ma'ana bakin teku, alhali Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, nesa da kowane teku. Sunan ya biyo kamfanonin ne daga bakin ruwa, inda suka saba kiran filin da suke sauke kaya da sayen amfanin gona da haka.

4.0 Dalilan Gini da Dutse

Tambayar da za a yi a nan ita ce, me ya sa aka yi amfani da dutse a Jos, alhali a Kano da Zariya ƙasa da azara suka fi yawa a gine-ginen wancan zamani? Amsa ta farko tana ƙarƙashin ƙafa. Jos tana zaune ne a kan wani nau'in dutse mai tauri wanda J. D. Falconer ya yi bayaninsa a 1911. Daga jikin wannan dutse ne kuza ta zaizayo a tsawon zamani, ruwa ya kwashe ta ya tara a cikin rafuka. Ke nan uwa ɗaya ce ta haifi kuzar da aka fitar da kuma bangon da aka bari. Duk inda mutum ya juya a garin zai ga tsauni ko fa, daga duwatsun Shere har zuwa tsakiyar unguwanni, kuma farfasa su ba ya bukatar komai sai wuta da guduma da ƙarfin lebura.

Na biyu shi ne tsadar siminti. A lokacin da aka gina waɗannan kantuna babu masana'antar siminti a Nijeriya. Ta farko, wato ta Nkalagu, sai a 1957 ta fara aiki, ta Ewekoro ta biyo baya a 1960, ta Ashaka kuwa sai a 1979. Kafin nan kowace ganga daga Turai take zuwa, kuɗin jirgi ya hau kanta. Magini mai dabara sai ya jera duwatsu, ya haɗa su da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya bi layukan da ke tsakaninsu ta waje da ɗan siminti don kada ruwa ya shiga. Da haka ganga kaɗan sai ta gama ɗaki.

Na uku shi ne yanayi. Damina a Jos tana da tsawo, ruwan da ke sauka a shekara yana kai wa kimanin milimita 1,400, wani lokaci har da ƙanƙara. Ginin ƙasa a irin wannan wuri sai da yaɓe kowace shekara, in ba haka ba gindinsa ya ciwu. Itacen gini kuma ya yi ƙaranci a kan tudun, domin ɗan abin da ke akwai an sare shi an yi makamashi a sansanonin kuza. Ga kuma gara, ga ɓeraye, ga ɓarayi masu fasa bango, ga gobara, waɗanda duk abokan gaban mai ajiye yadi da sukari da kananzir ne.

Na huɗu shi ne doka. Dokar ƙasa ta Arewa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta sa dukkan filaye a hannun Gwamna. Kamfani ba ya sayen fili, sai dai a ba shi takardar izinin zama ta wasu shekaru, kuma irin wannan takarda takan zo da sharaɗin a yi gini mai ƙima cikin ƙayyadadden lokaci. Wannan ya tilasta wa mai fuloti ya kafa abin da zai daɗe.

Ya kamata a lura cewa ba Turawa ne suka kawo aikin dutse ƙasar Filato ba. A yankin Bokkos akwai tsofaffin gadojin dutse a Butura da Tading da Forof, waɗanda aka gina tun kafin mulkin mallaka. Manoman kan tsauni, irin su Kofyar da Netting (1968) ya nazarta, sun daɗe suna jera duwatsu hawa-hawa don tare ƙasar gona. Abin da ya zo sabo shi ne sassaƙa dutse da kusurwa, da awo da igiya da ma'auni, wanda birkiloli da kafintoci daga Legas da ƙasar Yarbawa da Saliyo da Gwalkwas suka shigo da shi. Leburorin da suka fasa dutsen suka ɗauko shi kuwa, 'yan ƙasa ne da Hausawa da sauran 'yan ci-rani.

Fasalin kantin ya bi aikinsa. A gaba akwai baranda, inda masu saye ke fakewa daga ruwa, teloli kuma su kafa kekunansu. A ciki akwai doguwar kanta ta katako da ta raba mai saye da kaya, a bayanta akawu da sikeli da sandar awon yadi. Ta baya sito ne mai ƙananan tagogi da sandunan ƙarfe, sai fili inda mota ke juyawa. 'Yan Labanan da Siriya sukan haɗa kanti da gida, iyali a baya ko a sama, ciniki a gaba, kamar yadda suka yi a titin Beirut na Kano.

5.0 Masu Kantuna da Abokan Cinikinsu

Ciniki a Jos hawa uku ne. A sama akwai manyan kamfanonin Turai: Kamfanin Neja, wanda Lever Brothers suka saye a 1920, ya kuma haɗe da wani babban abokin gasarsa a 1929 aka sami UAC, sai John Holt da Paterson Zochonis da G. B. Ollivant na Ingila; da CFAO da SCOA na Faransa; da UTC na Suwizalan; daga baya kuma Leventis. A tsakiya akwai 'yan Labanan da Siriya, waɗanda Hausawa ke kira Kwarori, da Indiyawa, masu sayen sari daga kamfani su sayar da yadi da kayan koli, wasunsu kuma suka shiga harkar motoci. A ƙasa akwai 'yan kasuwa Hausawa da Yarbawa da Ibo da Nufawa da Barebari, waɗanda ke karɓar kaya bashi daga kanti, su kai kasuwar gari ko su bi sansanonin kuza ranar biya. Banki ba ya buɗe ƙofarsa ga ɗan ƙasa cikin sauƙi a wancan zamani, saboda haka bashin kanti shi ne jarin yawancinsu, wanda kuma ya riƙe bashi shi ke yanka farashi.

Abin da ya ɗaure wannan sarƙa shi ne kuɗin ƙarfe. Hukuma ta kashe wuri, ta ce haraji sai da sule da kwabo, aka kuma kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912. Manomin Filato da ba ya noma gyaɗa ko auduga ba shi da hanyar samun sule sai ya shiga rami, ko matarsa ta kai itace da abinci sansani. Abin da ya rage bayan haraji, kanti yake tafiya: gishiri, akoko da alawayyo, bargo saboda sanyin Jos, fitila da kananzir, ashana, sabulu, tasoshi, in hali ya yi kuma keke. Kusan duk waɗannan kaya daga Turai suke, don haka sulen da kamfanin kuza ya biya ranar Asabar, kafin wani mako ya kama hanyar komawa inda ya fito.

Wannan ne ya sa lafiyar kanti ta dogara ga farashin kuza a Landan. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, aka kuma ƙulla yarjejeniyar rage haƙar kuza a 1931, an sallami dubban leburori, ciniki ya mutu, ƙananan kamfanoni suka rufe ko manya suka haɗiye su. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi aikin tilas, aka kwaso talakawa daga lardunan Arewa, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. A 1943 kuzar da aka haƙa ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Amma a daidai wannan lokaci kaya sun yi ƙaranci a kantuna saboda yaƙi, farashi ya hau, zukata suka yi zafi. Rikicin da ya ɓarke tsakanin Hausawa da Ibo a 1945, wanda Plotnicov ya yi rubutu a kansa, a kasuwa ya faro. A farkon shekarun 1950 kuma, lokacin yaƙin Koriya, Amurka ta shiga sayen ma'adinin kwalambait da tsada, kuɗi suka sake kwararowa, aka ƙara gine-gine, sai dai a wannan karo bulo da siminti sun fara ture dutse.

6.0 Abin da Kanti Ya Bar wa Hausa

Ga mai nazarin harshe, barandar kanti wuri ne da ya cancanci a tsaya. Manaja Bature ne ko Bakwara, akawu Bayarbe ne ko Ibo ko mutumin Saliyo, ɗan dako Birom ne ko Angas ko Tibi, mai saye kuwa yana iya zama kowa. Harshen da ya haɗa su shi ne Hausa. Haka abin yake a ramin kuza da majami'a da kotu, har ta kai Jos ta zama ɗaya daga cikin manyan garuruwan da Hausa ta yaɗu a bakin waɗanda ba harshensu na gado ba ne. A irin wannan Hausa akan sassauta bambancin jinsi, a kuma furta ƙ da ɗ da ɓ tamkar k da d da b.

Jos tana cikin wuraren da kalmomin ciniki da gini na zamani suka sami gindin zama a Hausa, tare da Kano da Kaduna da Zariya. Kalmar kanti kanta daga canteen ta Ingilishi take, kamar yadda kanta da sito da sikeli da tireda da manaja suka fito daga Ingilishi. A fannin gini da haƙa akwai birkila da kafinta da lebura da heluma da siminti da bulo. Wani rukunin kuma ta bakin Yarbawa ya shigo, alal misali akawu da alaro da ashana da gwanjo, abin da ke nuna ko su wane ne suka riƙe alƙalami da ƙananan sana'o'i a farkon zamanin.

Hausa ba ta bar waɗannan kalmomi yadda ta same su ba. Ta raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, kamar a sito da sikeli, ta kuma ƙara wasali a ƙarshe, kamar a yadi da fenti. Ta ba su jinsi bisa ƙa'idarta, kanti ya zama namiji, kanta ta zama mace. Ta yi musu jam'i irin nata: kanti da kantuna kamar ɗaki da ɗakuna, lebura da leburori, kafinta da kafintoci. Har ila yau ta jera su bisa daraja, domin mai magana ya san rumfa daban, tireda daban, shago daban, kanti kuma shi ne babba.

Sunayen wurare ma sun adana tarihin. Tsakiyar kasuwancin Jos har gobe Taminus ake kiransa, wato ƙarshen dogo. Direba kuma yakan ce zai sauke fasinja a UTC, ko da yaron motarsa bai taɓa ganin kamfanin yana ciniki a wurin ba. A gefe guda, hukuma ta sauya sunayen manyan tituna bayan mulkin kai, aka sami titin Ahmadu Bello da na Tafawa Ɓalewa da na Murtala Muhammad da na Rwang Pam.

7.0 Sauyin Hannu da Koma-baya

Bayan 1960 abubuwa da dama suka taru suka rage wa tsofaffin kantunan ƙarfi. Manyan kamfanoni sun janye daga sayen amfanin gona da ƙananan ciniki, suka koma sayar da motoci da injuna da kafa masana'antu. Isar dogo Maiduguri a 1964 ta raba Jos da matsayinta na ƙofar gabas. Kashe-kashen 1966 sun sa 'yan kasuwa Ibo sun bar garin, ko da yake da yawansu sun dawo bayan ƙarewar yaƙin basasa a 1970. Dokokin mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun hana baƙi ƙananan ciniki, kantuna da dama suka koma hannun 'yan Nijeriya. Sabon mai kanti sau da yawa yakan datsa dogon zauren gida uku ko huɗu ya ba da haya, shi ya sa a yau ake ganin ƙofofi da yawa a jikin bango ɗaya.

Ita ma kuza ta ja baya. Wadda ke kusa da sama ta ƙare, kuɗin haƙa ya ƙaru, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. A watan Oktoba na 1985 Majalisar Kuza ta Duniya ta durƙushe, farashi ya faɗi warwas, manyan kamfanonin haƙa suka tattara. Abin da ya riƙe Jos shi ne zamanta babban birnin Jihar Binuwai-Filato daga 1967, da na Jihar Filato daga 1976, da kuma jami'ar da ta tsaya da ƙafarta a 1975.

A tsakiyar shekarun 1980 aka buɗe babbar kasuwar zamani a Taminus, ciniki ya koma cikinta. A watan Satumba na 2001 rikici ya ɓarke a garin, a watan Fabrairu na 2002 kuma gobara ta cinye kasuwar, aka shekara ashirin ba a sake gina ta ba. 'Yan kasuwar da suka rasa rumfuna sai suka bazu a kan tituna, kowane taku na fili a tsakiyar gari ya yi tsada. Rikice-rikicen 2008 da 2010, da bama-baman da suka tashi a Taminus ranar 20 ga Mayu, 2014, suka kashe fiye da mutum 100, sun ƙara raba mazauna garin da kasuwanninsu bisa addini. A irin wannan yanayi, mai tsohon kanti mai hawa ɗaya yana ganin riba ƙarara idan ya rushe shi ya kafa bene mai shaguna masu yawa, kuma ba wanda zai zarge shi da rashin lissafi.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa tsofaffin kantunan Jos sun tsiro ne daga haɗuwar kuza da jirgin ƙasa da dokokin mulkin mallaka, an kuma gina su da dutse saboda shi ne ke kusa, siminti kuwa yana nesa. An ga yadda kuɗin lebura ya ratsa ta cikinsu ya fita, da yadda Hausa ta tsinci kalmomi a barandarsu.

Jos gari ne da ya san darajar kayan tarihi. A nan Bernard Fagg ya buɗe gidan tarihi a 1952, bayan gano gumakan Nok a ramukan kuza. A nan ne kuma Zbigniew Dmochowski ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a shekarun 1970, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Dokar kayan tarihi ta 1953 da doka mai lamba 77 ta 1979 sun ba da ikon kare gine-gine, an kuma yi amfani da wannan iko a kan gadojin Bokkos da turken farko na masu kuza a Tilden Fulani. Amma a cikin wurare 65 da aka daɗe da ayyanawa a matsayin kayan tarihi na ƙasa, babu ko ɗaya daga cikin kantunan Jos.

Akwai abin da za a iya yi ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba. Sassan tarihi da na zanen gine-gine da na harsuna a Jami'ar Jos suna iya haɗa hannu su ƙidaya abin da ya rage, su auna, su ɗauki hoto, su binciko takardun fulotan a ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna. Masu nazarin harshe su nemi tsofaffin akawuna da teloli da direbobi su naɗi maganarsu tun suna raye, domin kalmomi irin su anini da taro da heluma suna bin masu su kabari. Hukumar raya birnin Jos da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kuma su zaɓi kaɗan daga cikin gine-ginen, su sassauta wa masu su haraji a kan sharaɗin kada a rushe.

Dalilin wannan kira ya wuce sha'awar tsohon gini. An daɗe ana jayayya a kan wane ne ya kafa Jos da wane ne mai ita, an kuma yi asarar rayuka a kan wannan tambaya. Bangon kanti yana ɗauke da wani bayani da kowane ɓangare zai iya zuwa ya duba da idonsa: dutsen na ƙasar Filato ne, waɗanda suka fasa shi suka ɗauko shi ƙabilu ne daban-daban, maginin daga Kudu ya zo, mai kanti daga hayin teku, cinikin kuma da Hausa aka yi shi. Ribar ta tafi Landan da Liverpool da Marseille, bangon ya saura a hannun jikokin waɗanda suka yi wahalar. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Idan aka bari katafila ta gama da waɗannan gine-gine, 'yan baya ba za su sami abin gani ba, sai abin da kowane ɓangare ya ga dama ya faɗa musu.